Kwamfutar da Yaya Ya Hana a Kashe

Yayana mai hoto ne, amma ba irin waɗanda ake kira wurin taro su hau kan kujera suna jera mutane ba. Shi hoton fasfo yake ɗauka. Ka shigo shagonsa, ka zauna a kujerar ƙarfe gaban farin ƙyalle, ya ce ka ɗaga haɓa, ka rufe baki, ka daina murmushi, ya danna, shi ke nan. Rabin mutanen layinmu da fuskar da Yaya ya ba su suke yawo a katin shaida, kuma kowa ka duba kamar yanzu aka kamo shi da kazar maƙwabta. In ka yi ƙorafi sai ya ce, "Ni ban halicce ka ba, ɗauka kawai na yi."

Ni ce autar gidanmu. Tun da maigidana ya yi ritaya ya dawo gida yana koya mini yadda ake wanke kwano, na roƙi Yaya kusurwa ɗaya a shagon, na kafa injin kwafi da na liƙe takarda da roba. Teburina yana manne da nasa, in ya yi atishawa takarduna ne ke tashi. Don haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

A ƙarƙashin teburin Yaya akwai wata baƙar kwamfuta mai gurnani. A cikinta akwai ma'ajiya, 'yar aba da ba ta kai tafin hannu ba, irin wadda masu gyara ke kira Es-Es-Di. Mai Gyara na saman bene ne ya sa masa ita shekarun baya, lokacin tana sabuwar yayi, ya kwashe duk hotunan da ke tsohon diski mai juyawa ya zuba mata. Da farko Yaya bai yarda da ita ba, wai abin da ba ya ƙara ta yaya mutum zai san yana aiki. Da ya ga hoto yana buɗewa kafin ya ɗauke yatsa, sai ya koma yana yabonta a gaban baƙi kamar shi ya ƙera ta. Duk fuskar da ta taɓa zama a kujerar ƙarfen nan tana cikinta, kuma yadda kyamara ta ɗauko ta, don Yaya ba ya yar da komai. Wanda ya yanka ya buga daban, na asali daban.

Dokoki biyu gare shi a kan kwamfutar. Ta farko, ba a kashe ta. Kwamfutarsa ta fari wata safiya ya danna ta ƙi tashi, daga nan ya yanke hukunci cewa kunnawa ce ke kashe inji. "Kin taɓa ganin injin da ya mutu yana tsakiyar aiki?" Na ce na gani, da yawa. Ya ce waɗannan ba su samu kulawa ba ne. Ya sayi batir da inbata ya jona mata, yadda ko an ɗauke wuta mu zauna cikin duhu muna fifita da kwali, ita kuwa 'yar koriyar fitilarta tana nan tana kallonmu.

Doka ta biyu ita ce ta jawo masa suna. Duk lokacin da ɗan akwati ya fito a allo yana cewa akwai sabuntawa, a yi yanzu ko daga baya, Yaya ba ya ma karantawa, sai ya danna daga baya. Yana da dalili, ko da yake dalilin ya tsufa. Sau ɗaya ya taɓa yarda manhajar gyaran hoto ta sabunta kanta. Da gari ya waye masu manhajar sun ɗauke maɓallin yanka hoto sun kai shi wani lungu, sun kuma ƙaro wani sabon abu mai goge tamoji ba tare da an tambaye shi ba. Wani dattijo mai karɓar fansho ya fito sumul kamar ɗan makaranta, ofis suka koro shi suka ce ya je ya kawo hoton kansa ba na jikansa ba. Dattijon ya dawo ya wanke Yaya tas a gaban mutane. Tun ranar babu akwatin da ya ƙara samun amsa mai daɗi, har 'yan layi suka koma kiransa Daga-Baya. Mai wanki ma in ya kawo kaya yakan leƙo ya ce, "Malam Daga-Baya, a ajiye yanzu ko a dawo?"

Matarsa, wadda nake kira Anti, gajeriya ce mai dariyar da ake ji daga bakin titi. Tana da tabon ƙunar dutsen guga a babban yatsan hagu, da zoben azurfa da ya ƙi fita tun da ta yi ƙiba. Allah bai ba su haihuwa ba. In mata suka fara yi mata fuskar tausayi sai ta ce, "Ku bar ni, ni da babu yaron layin nan da bai yi mini fitsari a cinya ba." Gaskiyarta kuwa, don ita ce mai riƙe jarirai a shagon. Jariri ba ya zama a kujera, kuma in uwarsa ta riƙe shi sai ya juya yana neman nono. Don haka Yaya yakan tsayar da uwar a bayan kyamara tana kaɗa makulli, Anti ta zauna a kujerar, a lulluɓe ta da farin ƙyalle tun daga kai, ta ɗora jaririn a cinya ta tallafe shi. A hoto sai ka ga yaro a gaban farin bango. Abin da ya leƙo ta gefe, Yaya ya yanke.

Amma ita kanta ba a ɗaukarta hoto. Matar mai hoto, shekara da shekaru, ko ɗaya. Takan ce masa, "Na ga abin da kake yi wa fuskokin bayin Allah." Sai da aka zo canza katin shaida ya zama dole ta zauna a kujerar ba lulluɓi. Yaya ya gyara tsayuwa, ya sa muryar aiki, ya ce wa matar da ta san kalar duk wandunansa na ciki, "Baiwar Allah, a ɗaga haɓa, a daina murmushi." Ta fashe da dariya daidai lokacin da ya danna. Na biyu shi ya tafi kan kati, ya kuma fito yadda hotunan Yaya ke fitowa. Ta tsaya a kansa sai da ya goge shi daga injin, katin ma daga baya ya koɗe har ba ka bambance ta da ni.

Ta ga na farkon a allo, kai a karkace, ido a rufe rabi, giɓin haƙorinta a waje. Ta ce, "Shi ma goge."

Ya ce, "A'a."

Ina wurin, kuma ban taɓa jin ya ce mata a'a ba sai ranar. Ta dube shi ta dubi allon, sannan ta ce, "To, ka ajiye shi cikin injin nan, kai kaɗai. Kar ka buga, kar ka ba kowa, kar in ga fuskata a wani wuri. In na ji an yi biyu, ni da kai ne."

Ya ce, "Na yi alkawari."

Bayan rasuwarta, Allah ya jiƙanta, kullum da safe kafin ya gama ɗaga ƙofar shago sai ya zauna da kofin shayi ya buɗe hoton. Yakan ba ta labari ƙasa-ƙasa: wane ne ya haihu, wane ne ya ƙaura, yadda gwiwarsa ta kwana, yadda Auta ta sake cusa takarda a karkace ta toshe inji. Ni kuwa sai in yi kamar ina jera takardu. Abin yana ba ni tausayi ƙwarai, yana kuma ba ni haushi, don ni ko sau ɗaya bai ce in zo in gani ba, sai dai in hango ta gefen kafaɗarsa.

Ana nan wata rana Mai Gyara ya sauko daga bene, tumbi a gaba, waya a hannu. Shi kishiyar halin Yaya ne, ba ya ganin abu bai sabunta shi ba. Ya taɓa sabunta wayar matarsa tana barci, ta tashi ta rasa inda lambobin 'yan uwanta suka shiga, sai da ya yi kwanaki yana cin abinci a bakin titi. Shi da Yaya sa'anni ne, kuma sun daɗe suna wannan gardama har ta zama musu gaisuwa.

Ya ce, "Malam Mai Hoto, na yau ba na wasa ba ne."

"Kullum haka kake cewa."

Mai Gyara ya jawo kujerar ƙarfe ya zauna a gaban farin ƙyalle kamar mai jiran a ɗauke shi, ya yi bayani. A cikin ma'ajiyar akwai 'yar manhajarta ta kanta, famwaya suke ce mata, ɗan hankalin da aka zuba mata tun daga masana'anta. A cikin wannan hankali akwai agogo mai ƙirga awannin da ta yi a kunne. Waɗanda suka ƙera ta sun yi wa ƙirgar gurbi kaɗan, ba su zaci wani zai bar ta a kunne dare da rana ba. In gurbin ya cika lissafinta zai rikice. Muddin tana kunne za ta ci gaba da aiki kamar ba komai, amma ranar da aka kashe ta ba za ta ƙara tashi ba, ita da duk abin da ke cikinta. Kamfanin ya fitar da gyara, kuma ya ce shi ne na ƙarshe ga tsofaffin irinta, daga shi sun tsame hannunsu.

"Wannan akwatin da kake ta kora, shi ne. Kuma ba gyaran kaɗai ba, sun ƙara mata sauri."

Yaya ya ce, "Sauri? Ina za ni?"

"Akwai ma wani ma'auni da zai riƙa nuna maka lafiyarta."

"Lafiyarta ƙalau, ga ta nan kana gani. Shi gyaran sai an kashe an kunna?"

"Sai an kashe an kunna. Amma yanzu ba haɗari, agogon bai cika ba. Sai dai kafin a taɓa, a kwashe komai a ajiye kwafi a wani wuri, ko da wani abu zai faru."

"Komai?"

"Komai."

Yaya ya juya ya fuskanci allo ya ce, "To, daga baya."

Nan zuciyata ta hau. Na ce, "Yaya, ta ce kar ka buga, ba ta ce ka zauna ka zuba ido ya mutu ba."

"Ta ce kar a yi biyu, Auta. Kina wurin."

Ina wurin, abin haushin ke nan. Ni da sana'ata kwafi, wadda mutane ke kawo mini takardar haihuwar akuya in yi musu goma ba tare da na tambaya ba, ga abu ɗaya a duniya da ya cancanci kwafi an ce ba za a yi ba. Kar ku ɗauka ban yi tunanin sacewa ba. Amma ya sa wa wurin da hoton yake kalmar sirri, kuma ko bayi zai zagaya sai ya kulle allon.

Mai Gyara ya dawo washegari da dabara. Ya ce ba kwafi za a yi ba, ƙaura ce. A sa sabuwar ma'ajiya a cikin wannan injin dai, a ɗauke hoton daga tsohuwa a kai shi sabuwa, a goge na baya. Ɗaya ne, kuma bai bar injin ba. Na ga Yaya yana shafa gemu, na fara godiya ga Allah a raina.

Sai ya ce, "Lokacin da yake kan hanya, guda nawa ne?"

Ina ta ƙifta wa Mai Gyara ido har idona ya yi ruwa. Mutumin nan da yake gaya wa masu kawo gyara cewa aikin gobe zai kammala alhali bai buɗe injin ba, a ranar sai gaskiya ta taso masa. Ya ce, "To, na ɗan lokaci kaɗan, biyu ne."

Yaya ya ce, "Ka ji."

Da akwai abin jifa a kusa ban san abin da zan yi ba. Abin liƙe takarda ne kawai a hannuna, kuma yana da tsada.

Haka aka yi ta ja. Kamfanin ya rufe shafin tsofaffin ma'ajiyu kamar yadda ya faɗa, akwatin ma ya daina fitowa, Yaya ya ce ai ga shi nan sun gaji sun ba da kai. Mai Gyara ya riga ya sauke gyaran ya ajiye a 'yar filashi da ya rataya a makullinsa, yakan kaɗa wa Yaya ita duk lokacin da zai wuce. Wata ranar Laraba ya roƙi a bar shi ya duba agogon kawai, ba zai taɓa komai ba. Ya duba, ya cire tabarau, ya cire filashin daga makulli ya jefa a aljihu.

Ya ce, "Ya cika. Yanzu ko ka yarda ba za a iya ba. Duk abin da za ka yi, kar ta mutu."

Na zaci Yaya zai girgiza. Ina, fuskarsa ma washewa ta yi. Ya dube ni ya dubi Mai Gyara ya ce, "Ai na daɗe ina gaya muku ba a kashe inji. Yau ga kamfanin da kansa ya dawo kan maganata."

Daga ranar muka zama masu jinya. An ƙaro batir. An naɗe fulogi da salatif har ya zama kamar kan wanda ya faɗo daga babur. An ja layi da alli a ƙasa, mai shara ba ta ƙetarewa. Fankar shago ɗaya tilo aka juya wa kwamfuta, mu da masu zuwa hoto muna zufa, su fito a kati suna ƙyalli. An kori injin kwafina daga soket ɗin da muke rabawa, sai na jawo waya daga wurin mai aski. Amma a ƙarƙashin duk wannan shirme na san abin da ke ransa. Da safe yakan daɗe a gaban hoton fiye da da, shayin ya huce bai sha ba.

Abu ɗaya na ci nasara a kai. A layinmu in tsoho ya rasu, sau da yawa 'ya'yansa shagon Yaya suke zuwa, don hoton fasfo ne kaɗai ya taɓa yarda aka ɗauke shi. Wata rana wata mata ta zo neman na mahaifinta, Yaya ya lalubo shi ya buga mata, ta rungume takardar ta fita tana share ido. Na jira ta yi nisa na ce, "Yaya, mahaifin matar nan ma ya ce kar a yi biyu?"

Ya juya ga allo, ni kuwa na ci gaba:

"Duk mutanen da ke cikin injin nan, da kai suka yi alkawari? Naka naka ne, ka yi yadda ka ga dama. Sauran amanar mutane ce."

Ya yi mini kallon da yake yi mini tun ina yarinya in na faɗi gaskiya a gaban baƙi. Da yamma ya aika aka kira Mai Gyara. Aka kwashe kowa da kowa zuwa sabuwar ma'ajiya, tsofaffi da matasa da jarirai, masu rai da matattu. Wuri ɗaya kawai aka bari, mai kalmar sirri, kuma Yaya yana tsaye a kan Mai Gyara har aka gama.

Ba a daɗe ba maigidan ginin ya zo ya ce za a rushe gaban benen don faɗaɗa titi, kowa ya kwashe. Muka samu shago a ƙarshen layin, bayan mai faci. Kujera da kyamara da injina duk sun tafi a mota. Kwamfuta kuwa Yaya ya ce a kunne za ta tafi, kuma ba a mota ba, don direbobin yanzu ba su san rami ba.

Aka ɗauko ɗan dako da amalanke. Aka shimfiɗa katifa, aka ɗora batira, aka ɗora inbata, aka zaunar da ita a tsakiya. Mai Gyara ya riƙe wayar wutar da hannu biyu yana tafiya a gefe kamar mai rakiyar mara lafiya da ledar ƙarin ruwa. Ni aka ba ni lema. Yaya ya dubi rana ya ce za ta dake ta, ga ƙurar masu rusau, sai ya ɗauko farin ƙyallen hoto ya lulluɓe ta. Mai Gyara ya ce a bar bayan a buɗe ta sha iska. Yaya ya ce to. Da Mai Gyara ya sunkuya gyara waya, sai Yaya ya ƙara da bargo a kai, ya soke gefe da gefe da kyau, yadda ake yi wa jariri in za a fita da shi cikin sanyi.

Muka kama hanya da tsakar rana, Yaya a gaba yana korar mutane da hannu. Mai aski ya fito da almakashi a hannu ya tambaya wa ya rasu. Masu shago suka jeru suna yi mana Allah ya ba da lafiya. Ɗan dakon, da aka ce masa in ya girgiza ta kashinsa ya bushe, tafiya yake kamar mai taka ƙwai, kowane rami sai an tsaya an yi shawara. Wani mai mota ya matsa mana oda, Yaya ya je har tagarsa ya yi masa nasiha. Tafiyar da yaro ke yi a guje kafin shayi ya huce, mu sai da inuwa ta juya. Ban ɓoye muku ba, na yi dariya har lemar tana rawa.

Muka isa lafiya. Waya ba ta zare ba, batir bai faɗi ba. Aka shigar da amalanken har cikin shago, Yaya ya zare bargo, ya ɗaga farin ƙyalle. Zafi ya bugo mu kamar an buɗe tukunya. Babu gurnani, kuma 'yar koriyar fitilar ba ta nan.

Mai Gyara ya taɓa jikinta ya janye hannu. A hankali ya ce zafi ne ya yi mata yawa, ta kashe kanta da kanta don kar ta ƙone, haka aka yi su. Babu wanda ya san a ina ta mutu. Wataƙila tun gaban mai aski, muna ta lallaɓa ta a banza.

Aka bari ta huce. Yaya da kansa ya danna, abin da ya yi shekara da shekaru bai yi ba. Fanka ta tashi, allo ya kawo haske, ya rubuta cewa bai ga ma'ajiya ba. Mai Gyara ya cire ta ya tafi da ita, ya gwada a injinsa, ya kai wa wani abokinsa da ya fi shi kayan aiki. Har kamfanin ya buga wa waya, wata murya mai ladabi ta ce sun daina kula da wannan samfurin, ko yana son ya ji labarin sababbi. Ya dawo da ita a cikin ambulan ya ajiye a teburin Yaya, bai ce ai na gaya maka ba. Ni ma ban ce ba, kuma Allah ya sani a bakina take.

Yaya bai yi kuka a gabanmu ba. Ya ci gaba da aiki da sabuwar ma'ajiyar da Mai Gyara ya sa masa. Yana cewa a ɗaga haɓa, a daina murmushi, amma ba ƙarfi, har wasu suka fara fitowa a kati kamar mutanen kirki. Da safe yakan zauna da shayi a gaban allo bai buɗe komai ba. Na ji haushinsa, na ji haushinta ita ma da ta ɗora masa wannan alkawari, na ji haushin kaina da na riƙe lema ban lura da bargo ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na fara kokwanton ko giɓin nata a dama yake ko a hagu.

Wata safiya wata tsohuwar maƙwabciya ta zo. Ɗanta direban tasi ne yanzu, ƙato mai gemu, matarsa ta haihu, ana ta musu a gida a kan wa jaririn ya ɗebo. Tana so a nemo mata hoton ɗan nata na jarirantaka ta kashe gardama. Yaya ya shiga cikin kwafin da aka kwashe, ya laluba, ya buɗe na asali, wanda ba a yanka ba. Ga jariri ya wage baki yana tsala ihu. A bayansa farin tudu. A gefe da gefen cikinsa hannu biyu sun fito daga ƙarƙashin ƙyalle sun tallafe shi, da zoben azurfa a ɗaya.

Ya kai hannu zai yanke kamar yadda ya saba, sai ya tsaya. Ya buga wa matar nata ta tafi. Ya buɗe jariri na gaba, da na gaba.

Ya ce, "Auta, zo."

Karo na farko ke nan da ya kira ni gaban allon. Na jawo kujera muka yi ta buɗewa. Hannuwan Anti ne a kowane ɗaya. Ga su tun kafin ƙunar dutsen guga, ga ƙunar ɗanya, ga ta ta zama tabo. Ga lokacin da zoben ke yawo a yatsa, ga lokacin da ya nutse. A wani ta riƙe ƙeyar jariri da yatsu uku, a wani ta damƙe ƙafar wani mai shure-shure. A na ƙarshe-ƙarshe hannun ya rame, jijiyoyi sun fito, amma riƙon bai canza ba. Akwai ɗaya da farin tudun ya fito dishi-dishi, jaririn ma ya karkace. Yaya ya sa yatsa a allon ya ce, "Nan dariya take yi a ciki. Na tuna, sai da na yi mata faɗa."

Masu zuwa hoto biyu suka leƙo suka gan mu suka koma. Can ya share fuska da hular da ke hannunsa ya ce, "Fuska ce kawai marigayiya ta hana."

Na ce, "Fuska ta hana, Yaya."

"Ba ta ce komai a kan hannu ba."

"Ko kalma ɗaya. Ina wurin."

"To kira mini Mai Gyara. Ya yi kwafi ya ajiye a wurinsa, ya yi wani ki tafi da shi gida. In akwai wani sabuntawa ma ya yi yanzu, ina kallo."

Mai Gyara da ya ji saƙon sai da ya sa na maimaita.

Fuskar dai ta tafi, ba ta dawo ba, tsohuwar ma'ajiyar tana nan cikin ambulan a aljihun tebur. Amma Yaya ya buga hoton farko da ya gano, babba, bai yanke komai ba, ya sa a firam ya rataye a inda yake fuskanta in ya zauna shan shayi. Ba a yi mako ba labari ya kai wa direban tasin. Ya faka a bakin shago ya shigo da gemunsa, ya tsaya yana kallon kansa tsirara rabi, baki a wage, majina a hanci.

Ya ce, "Haba Baba, abokaina sai tsiya suke mini. Duk hotunan layin nan a rasa wanda za a rataye sai nawa?"

Yaya bai ɗago daga kyamarar da yake gogewa ba. Ya ce, "Ba kai aka rataye ba, ɗana. Kai riƙe ka kawai aka yi."